Masu taka kibau: wasan rawa na na'ura tsakanin motsa jiki da zumunci

A shekarar 1998 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fito da wata na'ura mai suna Dance Dance Revolution, wadda masu yinta suke kira DDR a taƙaice, ya baza ta a gidajen gem na biranen ƙasar. Kafin zuwanta, duk wanda ya leƙa irin waɗannan gidaje ya san abin da zai tarar: samari a zaune ko a sunkuye, ido a kan allo, yatsu suna ta aiki, sauran jiki kuwa ko motsi babu. Sabuwar na'urar ba ta zo da kujera ba, ba ta zo da abin riƙewa a hannu ba. Dandamali ne na ƙarfe a shimfiɗe a ƙasa, da faranti huɗu masu hoton kibiya: gaba, baya, hagu, dama. Mutum zai jefa kuɗi ya zaɓi waƙa, sai kibau su fara tasowa daga ƙasan allo suna yin sama. Duk kibiyar da ta iso layin da ke saman allon, sai ya taka farantinta daidai da bugun kiɗan. In ya yi ta dacewa ya ci gaba, in kuwa kuskure ya yi yawa, waƙar ta tsinke masa a tsakiya, ya sauka ya ba na bayansa wuri.

Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta, yaro ɗan shekara shida zai gane ta kafin a gama faɗa. Wahalar tana cikin lokaci. Na'urar tana auna kowane taku, ta rubuta hukuncinsa a kan allo nan take, kuma mafi girman yabon da take bayarwa sai wanda ƙafarsa ta sauka cikin kusan kashi ɗaya bisa sittin na sakan, ba ta riga bugun ba, ba ta makara ba. Waƙoƙin masu koyo suna tafiya a hankali, taku ɗaya, a ɗan huta, a sake wani. Na ƙwararru kuwa sai wanda ya gani. Akwai wata mai suna MAX 300 da ta fito a 2001, tana gudu da bugu 300 a minti ɗaya, kuma a matakinta mai wuya akwai taku sama da 500 cikin kimanin minti ɗaya da rabi. A lokacin ana ganin babu abin da ya fi ta. Yau akwai waɗanda suka shige ta nesa ba kusa ba.

Ba a jima ba wasu suka biyo sawu. A 1999 kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya fitar da Pump It Up, mai faranti biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, wadda ta samu karɓuwa sosai a Meziko da Burazil da sauran ƙasashen Latin Amurka. A 2001 aka samu StepMania, manhajar kwamfuta ta kyauta wadda kowa zai iya zuba mata waƙar da yake so ya tsara mata kibau da kansa. Sai kuma 2009, lokacin da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fito da Just Dance a kan na'urar Wii. Wannan ya sauya salon gaba ɗaya: babu faranti, babu kibiya, mai rawa ne a kan allo kana kwaikwayonsa da dukkan jikinka. Shi ne ya ƙara shigar da wasan cikin falo, ya kai shi hannun iyaye mata da ƙananan yara da baƙin da suka zo yini. A 2023 har ya shiga jerin wasannin gasar da kwamitin Olamfik na duniya ya shirya ta wasannin kwamfuta a Singafo.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko wannan abu motsa jiki ne na gaske. Amsarta ba ta da wuya. An sa wa masu wasan na'urorin auna bugun zuciya da numfashi tun farkon shekarun 2000, a Singafo da Amurka da sauran wurare, kuma abin da aka yi ta samu kusan ɗaya ne: a matakin masu koyo, aikin da jiki yake yi bai wuce na tafiya da sauri ba, a matakin ƙwararru kuwa yana kaiwa na sassarfa ko fiye. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙwararre bai ma buƙatar a karanta masa rahoto. Zai gan shi ya juya hannuwa baya ya riƙe ƙarfen dafawa da ke bayan dandamalin, ya rataya nauyinsa a kai don ƙafafu su yi sauƙi, duga-dugansa ba sa ɗagawa sama da ɗan yatsa daga faranti, sai ƙarar takun kawai kake ji a jere. Waƙa tana ƙarewa ya saki ƙarfen yana haki, riga ta manne a baya, ya jawo tawul, ya kafa kai a gorar ruwa. Wannan gumin ba na ƙarya ba ne.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wata: me ke sa mutum ya dawo gobe, ya dawo jibi, ya dawo bayan wata shida? Domin matsalar motsa jiki a duniya ba ta rashin sanin amfaninsa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar ya samu aƙalla minti 150 a mako na matsakaicin motsi, yaro da matashi kuma awa ɗaya kullum. Alƙalumanta sun nuna cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ba. A ɓangaren matasa abin ya fi muni, wajen huɗu cikin kowane biyar ba sa cikawa, kuma 'yan mata sun fi samari faɗawa ciki. Kowa ya san mai ciwon suga ko hawan jini da likita ya ce masa ya riƙa tattaki, ya sayi takalmi, ya yi mako biyu, daga nan takalmin ya koma bayan ƙofa. Duk dabarar da ba ta warware wannan ba, ba ta warware komai ba.

Jihar West Virginia ta Amurka, wadda take cikin jihohin da ƙiba ta fi addaba, ta ɗauka ta samu dabarar. A 2006 ta sanar da shirin saka DDR a dukkan makarantun gwamnatinta 765, ta fara da na 'yan tsaka-tsakin shekaru. Hujjarta tana da ƙarfi. A darasin wasanni na makaranta, yaro mai jiki shi ne wanda ake zaɓa a ƙarshe idan ana raba tim, shi ne wanda ba a ba shi ƙwallo, shi ne wanda yake ƙirƙiro ciwon ciki ranar gudu. A kan dandamalin rawa kuwa babu mai jiran ya ba shi fasin, babu tim ɗin da zai jawo wa faɗuwa. Ya zaɓi matakin da zai iya, yana fafatawa da makinsa na jiya. Masu bincike a jami'ar jihar sun bi wasu yara masu ƙiba da suka riƙa wasan a gida a kai a kai, suka ga juriyarsu ta ƙaru, jijiyoyin jininsu kuma sun ƙara lafiya.

Sai dai a 2012 wani bincike daga birnin Houston ya sanyaya gwiwar masu wannan fata. An ba yara 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii su tafi da ita gida. Rabinsu aka ba su wasannin da ake yi a tsaye ana motsi, har da na rawa a cikin zaɓin, rabi kuma na zaune. Ba a ce musu ga yadda za su yi ba, an bar su kamar yadda ake barin yaro da kyautar da aka saya masa. Aka ɗaura musu ƙaramar na'urar auna motsi a ƙugu, aka bi su kusan wata uku. Da aka tattara sakamako, babu bambanci tsakanin rukunin biyu. Waɗanda aka ba wasan motsi ba su fi 'yan uwansu motsi ba. A ƙasar New Zealand ma an yi irinsa da yara 322 masu ƙiba na tsawon mako 24, aka samu amfani, amma ɗan kaɗan ne.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare, talla ce kawai. Ni ban ga haka ba, saboda wasu bincike biyu da ba su kai waɗancan girma ba amma sun taɓo inda ciwon yake. A ƙasar Holan an raba yara 27 gida biyu, kowa da wasan rawa a gidansu, amma rukuni ɗaya an ƙara musu haɗuwa sau ɗaya a mako su yi tare. Bayan mako 12, kashi 64 cikin 100 na masu yi a gida kaɗai sun watsar, na masu haɗuwa kuwa kashi 15 ne kawai suka bari, kuma mintunan da suka yi suna wasan sun ninka na waɗancan har da ɗoriya. A birnin Washinton kuma an yi aiki da matasa baƙar fata 54 masu ƙiba, da wani wasan motsa jiki na Wii wanda ba na rawa ba. Wasu aka sa su gasa da juna, wasu aka haɗa su biyu-biyu suna tara maki tare. Masu haɗin gwiwar ne suka rage nauyi, kimanin kilo 1.65 a matsakaici, masu gasar kuwa ba su nuna wani canji na a-zo-a-gani ba. Yaran da aka yi wa gwajin ba su da yawa, ba za a gina doka a kansu ba. Amma abin da suka nuna ya yi daidai da abin da duk mai lura yake gani a wuraren da wasan ya daɗe yana raye.

Manomin ƙasar Hausa ya riga ya san sirrin. Gonar da mutum zai kwana uku yana fama da ita shi kaɗai, idan aka kira gayya aka zo da gangar noma, kafin azahar an tashi. Fartanyar ba ta sauya ba, ƙasar ba ta yi laushi ba, rana ba ta rage zafi ba. Kiɗa ne ya ba hannu lokacin saukarsa, idon 'yan uwa kuma ya hana mutum miƙewa ya ce ya gaji. Makaɗin yana kallon wanda ya fara sanyi, ya matsa kusa da shi ya yi masa kirari. Na'urar rawa ta iya rabin farko na wannan aiki, tana ba da kiɗa, tana ba da lokaci, tana faɗa maka nan take ko ka yi daidai. Rabi na biyun kuwa ba ta iya shi ba, ba ta san ka gaji ba, ba ta san jiya ba ka zo ba. Wannan aikin mutane ne.

Kuma tsarin na'urar gidan gem yana tara mutanen ko ba su yi niyya ba. Dandamalin na mutum biyu ne gefe da gefe, kowa da farantansa, kowa zai iya zaɓar matakinsa a waƙa ɗaya, don haka ƙwararre da ɗan koyo suna iya hawa tare ba wanda ya takura wani. Kuɗi ɗaya yakan ba ka waƙa uku ko makamancin haka, kowace ba ta fi minti biyu ba, sannan dole ka sauka ka bi layi. A Japan wasu gidajen suna ajiye takarda a rubuta suna, a Amurka an saba ɗora kwabo ko kati a gaban allo don riƙe layi. A wannan zaman jiran ake sabo. Kana haki, na kusa da kai yana haki, kun ga kuskuren juna, babu wanda zai yi wa wani girman kai da riga jiƙe sharkaf. Sai ka ji wani ya ce maka a wurin nan juya ƙugu za ka yi, kada ka taka da ƙafa ɗaya sau biyu. Wani ya fito da wayarsa ya ɗauki hoton makinka don ya ga ka ci waƙar da ta yi wata tana kayar da kai. Mutumin da ba ya iya buɗe baki a taro ya samu abin magana wanda ba sai ya nemo ba.

Akwai kuma abin da yake faruwa da kunya. Hawa dandamali a gaban baƙi karon farko abu ne mai nauyi, ƙafa tana harɗewa, ana ji kamar duk duniya ta zuba ido. Amma kowa da ke wurin ta nan ya bi, kuma ya tuna. A ganina wannan na cikin manyan alheran wasan ga yaro mai jin kunyar jikinsa: ya yi kuskure a bainar jama'a, ya ga babu abin da ya faru, ya sake hawa.

Cikin wannan jama'a akwai ɗariƙoƙi. A farkon shekarun 2000, musamman a Kaliforniya, an yi yayin masu rawar burgewa, waɗanda suke haddace kibau su juya wa allo baya, su taka da gwiwa ko da hannu don 'yan kallo. Akwai masu neman maki zalla, waɗanda ba ruwansu da kyan rawa, burinsu kowane taku ya faɗa daidai. An daɗe ana musu a kan riƙe ƙarfen dafawa, wasu suna ganin ragwanci ne, har waƙoƙi suka yi wuyar da musun ya mutu da kansa. Konami ya sha shirya gasa a Japan, masu Pump It Up ma sun sha yin tasu ta duniya. Wata malamar makaranta a Kaliforniya, Carrie Swidecki, wadda ta fara wasannin rawa tana fama da ƙiba, ta kafa tarihi a kundin Guinness a 2015 bayan ta yi sama da awa 138 tana Just Dance. Ba na ba kowa shawarar ya gwada wannan, amma labarinta ya nuna nisan da abin zai iya kai mutum.

Kada a ɗauka babu aibi. Wasan faranti aikin ƙafa ne da zuciya, ba ya gina ƙarfin hannu ko na baya, alhali shawarar hukumar lafiya ta haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Gwiwa da idon sawu da ƙwauri suna shan duka, musamman ga mai nauyi da ya yi gaggawar hawa mataki. Tabarmar roba ta gida tana zamewa a kan tayil, tana iya jawo targaɗe. Walƙiyar fitilun allo ba ta dace da wasu masu farfaɗiya ba. Awa biyu a gidan gem ba awa biyu ba ce ta motsi, zaman layi yakan cinye kaso mai yawa, kuma lemon kwalba da soye-soye suna nan a gefe suna jira. Just Dance na Wii kuwa hannun da ke riƙe da rimot kawai yake karantawa, yara ba su daɗe ba suka gano za a iya cin maki a kishingiɗe.

Wani rauni da ba a cika faɗa ba shi ne zumuncin ya rataya ne a wuyan abin da masu shi ba su mallaka ba. Na'urorin DDR na yanzu sai an haɗa su da intanet ɗin kamfanin, makinka yana ajiye a katinka a wurinsu. Idan mai gidan gem ya ga injin ba ya kawo kuɗi ya sayar, ko faranti ya lalace ya ƙi gyarawa, jama'ar da ta yi shekaru tana haɗuwa a wurin ta watse ke nan. Annobar korona ta 2020 ta rufe irin waɗannan gidaje da dama, har kamfanin Sega, wanda ya daɗe yana cikin manyan masu su a Japan, ya sayar da nasa tsakanin 2020 da 2022. Microsoft ma ya daina ƙera Kinect a 2017, kyamarar da wani wasan rawa mai suna Dance Central ya dogara da ita. Abin da ya riƙe wasu shi ne StepMania da dandamalin da suke haɗawa da kansu da katako da waya a gareji, su gayyaci abokai ranar Asabar. Wasu kuma suna tuƙa mota na awanni zuwa garin da ya rage da injin mai lafiya.

A wajenmu gidan gem na ƙwallo ne, kuma na samari ne. Babbar na'urar rawa tana da tsada, tana son wuta mai tsayawa da mai gyara, don haka ba na sa ran ganinta a kowace unguwa. Amma tun 2014 akwai Just Dance Now, wanda ake yi da waya a hannu da allo mai intanet, ga kuma StepMania da tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka. Waɗanda nake tunawa da su a nan su ne mata da 'yan mata, waɗanda ba su da fili, ba su da tim, ba kowace ba ce za ta fita tattaki a titi, alhali ciwon suga da hawan jini ba sa tambayar ko mace tana fita. Abin da za a yi a ɗaki a rufe ƙofa, ya da ƙanwa da maƙwabciya, yana da daraja a irin wannan hali. Gaskiya ne gidaje sun sha bamban a kan kiɗa da rawa, malamai ma suna da maganganu a kai, kuma da yawa daga cikin waƙoƙi da shigar da ke cikin Just Dance ba za su shige a gidan Bahaushe ba sai an tace. Wannan hukunci ne na kowane gida. Uban da ya yanke shawarar saya dai ya tuna da yaran Houston: ajiye na'ura a falo a tafi ba ya haifar da komai. A sa rana, a sa lokaci, da safe ko bayan la'asar idan zafi ya sauka, a ajiye ruwa, kuma ya zama akwai wanda zai tambaya idan ɗaya ba ta zo ba.

Akwai rukuni ɗaya da ya nuna cewa ana iya riƙe abin ko babu jama'a, idan dalilin ya yi ƙarfi. Masu bincike a birnin Sidni na Ostireliya sun daɗe suna lura cewa abin da wasan kibau yake koyarwa, wato ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, ƙafa ta sauka daidai cikin gaggawa, shi ne ainihin abin da tsoho yake buƙata idan ya yi tuntuɓe. Suka ƙera tabarmar taku mai wasanni a talabijin, suka gwada ta a kan mutum 769 masu shekara 65 zuwa sama, aka raba su rukuni-rukuni. Waɗanda aka ba tabarmar a gidajensu suka yi, ba mai tsaya musu a kai, an nemi su yi awa biyu a mako na tsawon shekara guda, kuma a matsakaici ba su ma cika awa biyun ba. Duk da haka, a sakamakon da mujallar Nature Medicine ta buga a 2024, faɗuwa ta ragu a cikinsu da kashi 26 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka ba bayanan kula da lafiya kawai. Wanda ya taɓa jinyar dattijon da ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, ya ga yadda watannin kwanciya suke cinye mutum, ya san abin da raguwar kashi ɗaya cikin huɗu take nufi ga gida.